Tarihin Shigar Ababen Hawa Filayen Shaƙatawa na Abuja

Filayen shaƙatawa na Abuja su ne lambuna da kwaruruka da gindin duwatsu da bakin tafkuna waɗanda hukuma ta keɓe domin jama'a su sha iska, ta hana kowa ya yi gini a cikinsu ko ya mallake su. Shigar ababen hawa cikinsu kuwa, tun daga keken ƙafa da babur har zuwa keken lantarki da babur mai ƙafa huɗu na wannan zamani, al'amari ne da hani ya fi izini yawa a tarihinsa.

Asalinsu yana komawa ga ranar 3 ga Fabrairu 1976, sa'ad da Janar Murtala Muhammed, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas a kafa sabo a tsakiyar Nijeriya, a ƙasar da Gbagyi da maƙwabtansu suka daɗe suna noma. Da kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa taswirar birnin a 1979, sai aka ga masu zanen sun bar wa tsirrai da sarari kusan sulusin ƙasar birnin, galibi kwarurukan rafuffuka da gangaren duwatsun da ba su dace da gini ba. Sai dai zamani ne na arzikin man fetur, aka shimfiɗa birnin bisa zaton kowane mazauni yana da mota, har ya zamana lokacin da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, mai mota ya tarar da tituna masu faɗi, mai keke da mai tafiya a ƙasa kuwa ba su sami rabo mai yawa ba.

Keɓe ƙasa domin maslahar al'umma ba baƙon abu ba ne ga ma'abuta fiƙihu, domin ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya killace Rabaza saboda dabbobin sadaka, malamai suka fitar da hukuncin cewa shugaba yana da ikon yin haka matuƙar amfanin zai koma ga jama'a, ba ga shi kansa ko mawadata kaɗai ba. A kan wannan ƙa'ida hurumin garuruwanmu da burtalin makiyaya suka tsayu, kuma da ita ya kamata a auna duk abin da ya biyo baya.

Mafi shahara cikin filayen shi ne Millennium Park da ke Maitama, wanda Manfredi Nicoletti, mutumin Italiya, ya zana, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003. Faɗinsa kimanin hekta 32 ne, rafi ya raba shi biyu, kuma al'adarsa ita ce a bar mota a bakin ƙofa a shiga da ƙafa. Tafkin Jabi, wanda aka datse domin shayar da birnin kafin madatsar Usuma ta karɓi wannan aiki, shi ne ya fi sassauci: ranar Asabar da safe za ka ga masu motsa jiki da masu dokin haya da yara a kan kekuna duk a fili guda, kowa yana kauce wa ɗan'uwansa gwargwadon ladabinsa.

Amma abin da ya fi tasiri a wannan tarihi a kan titi ya auku. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kira ga mutane su koma hawan keke, shi da kansa ya riƙa hawa zuwa taron majalisar zartarwa, har wata rana motar bas ta ture shi. Jama'a suka yi ta dariya, alhali kuwa hatsarin hujja ce a kan cewa birnin bai tanadar wa keke hanya ba. Malam Nasiru El-Rufa'i, wanda ya riƙe birnin daga 2003 zuwa 2007, ya ƙwato filaye masu yawa daga hannun waɗanda suka yi gini a cikinsu, sa'an nan ya haramta acaba a tsakiyar birni daga ranar 1 ga Oktoba 2006. A 2019 aka taƙaita wa Keke Napep wuraren aiki, a 2023 kuma hukuma ta murƙushe ɗaruruwan baburan da ta kama. Ta haka 'yan acaba, waɗanda da yawansu samarin Arewa ne masu neman halali, suka koma Mpape da Nyanya da Karu da Lugbe, inda hanyar ƙasa da gefen dutse suka zama wurin sana'arsu. A waɗannan duwatsu kuma 'ya'yan masu hali suke zuwa yawon ƙarshen mako da manyan motoci da babura masu ƙafa huɗu.

Wanda ya tsaya a irin wannan gangare da damina zai ga illar da idonsa: taya ta bi jar ƙasa ta bar sawu, ruwan sama ya bi sawun ya zurfafa shi, kafin kaka ya zama kwazazzabo, ga kuma matar Gbagyi da kayan itace a kafaɗarta, kamar yadda al'adarsu take, dole ta ratse cikin ciyawa domin mai injin ya wuce.

Janye tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa hankali ya karkata ga ababen hawa masu aiki da batir, nan kuwa mas'alar ta sake sabon salo, domin hanin 2006 an yi shi ne a kan babur mai shan mai da ke ɗaukar fasinja, keken lantarki kuma ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, amma ya fi keken ƙafa nauyi da gudu. Amurka ta riga ta ratsa wannan muhawara: a 1972 Shugaba Nixon ya umarci hukumomin filayen gwamnati su fayyace inda aka yarda injuna su bi da inda aka hana, a Agustan 2019 kuma Sakataren Cikin Gida David Bernhardt ya ba da umarnin a bar keken lantarki wanda ƙarfinsa bai wuce wat 750 ba ya bi hanyoyin da keken ƙafa yake bi, masu kare daji suka yi inkari ƙwarai.

Abin da ya dace da Abuja shi ne Sashen Lambuna da Shaƙatawa na hukumar birnin ya zauna da jami'an duba ababen hawa na VIO da sarakunan ƙauyukan da ke gindin duwatsun, a yi hukunci bisa nauyin abin hawa da gudunsa ba tare da duba aljihun mahayinsa ba: a shata wa keken ƙafa da na lantarki marar ƙarfi turba a cikin kwarurukan da taswirar 1979 ta bari, ta yadda ma'aikaci zai iso Wuse ko Garki ba tare da ya yi gogayya da motoci ba; a ware wa masu ƙafa huɗu tsofaffin wuraren fasa dutse, inda ƙasa ta riga ta mutu; a kuma rufe gangaren jar ƙasa ga kowane irin inji a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi.