Mayar da kwamfuta yadda take a baya

Kwamfuta takan rikice wani lokaci bayan an saka mata sabuwar manhaja. Don magance irin wannan ne kamfanin Microsoft ya ƙirƙiro «Restauration du système», wadda ta fara fitowa cikin Windows Me a shekarar 2000. Na'urar takan adana kwafin tsarinta lokaci-lokaci. Idan matsala ta taso, sai a zaɓi ranar da take lafiya, a mayar da ita can. Manhajojin da aka saka bayan wannan ranar za su ɓace, amma takardu da hotuna suna nan daram. Sai dai ba ta dawo da takardun da mutum ya goge, kuma wajibi ne a kunna ta tun kafin matsala ta auku.