Damben boksin: yadda ake auna zakara da waɗanda ya kara da su

Duk lokacin da gardama ta tashi kan wanda ya fi kowa a tarihin damben boksin ajin masu nauyi, lissafi ake fara kawowa. Rocky Marciano ya yi dambe 49 ba a taɓa cin shi ba, 43 daga ciki ya gama su kafin lokaci ya cika. Muhammad Ali kuwa ya ci 56, an ci shi sau 5. Duk da haka, mafi yawan masu bin tarihin wasan Ali suke ɗorawa sama. Hujjarsu ita ce abokan karawa: wa zakaran ya doke, yana da shekara nawa a ranar, kuma me mutumin ya yi kafin su haɗu.

Marciano da manyan sunaye

Jerin waɗanda Marciano ya kayar yana da cika ido: Joe Louis, Jersey Joe Walcott, Ezzard Charles, Archie Moore. Dukansu gwanaye ne na gaske. Sai dai Louis yana da shekara 37 lokacin da suka haɗu a 1951, kuma bashin haraji ne ya dawo da shi fage bayan ya yi ritaya. Walcott yana da 38 a watan Satumba na 1952, amma ya kai Marciano ƙasa tun turmin farko, yana kuma gaba a maki har zuwa turmi na 13, inda naushi ɗaya ya gama da shi. Moore zakaran ajin da ke ƙasa ne, ya hauro neman kambu a 1955 yana wajen shekara 40.

Wannan ba laifin Marciano ba ne, domin mutum da ƴan zamaninsa yake dambe, kuma ya kare kambunsa sau 6. Abin lura kawai shi ne ya yi ritaya a 1956, kafin Floyd Patterson da Sonny Liston su kai ganiyarsu. Nauyinsa ma bai kai kilo 90 ba, wato a tsarin yau da ajin da ke ƙasa za a fara lissafa shi.

Abin da ya bambanta Ali

Ali ya haɗu da manyan abokan karawarsa a lokacin da duniya ke tsoronsu. A watan Fabrairu na 1964, yana da shekara 22, ya ƙwace kambu daga hannun Liston, wanda ya kayar da Patterson sau biyu, kowanne a turmin farko. Daga 1967 zuwa 1970 an hana shi dambe saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya rasa shekarun da ɗan dambe ya fi ƙarfi. Da ya dawo sai ya tarar da Joe Frazier, wanda ba a taɓa ci ba. Frazier ya doke shi da maki ranar 8 ga Maris 1971, bayan ya kai shi ƙasa a turmi na 15. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Dukansu biyu Ali ya rama, ya kuma sake cin kowannensu a karo na uku, ko da yake har yau akwai masu ganin Norton aka zalunta a hukuncin 1976.

Damben Kinshasa na 30 ga Oktoba 1974 shi ne babban ma'auni. George Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba faɗuwa. Ya ragargaza Frazier cikin turmi biyu a Jamaika, ya yi wa Norton haka nan a Benezuwela. Mutanen biyu da suka taɓa cin Ali ke nan, ko turmi uku ba su kai ba a gabansa. Ali, mai shekara 32, ya jingina da igiya ya bar shi ya ƙare ƙarfinsa, sannan ya kayar da shi a turmi na 8. Shekara 20 bayan haka, a 1994, Foreman ya sake zama zakaran duniya yana da shekara 45, abin da ya ƙara wa nasarar Ali daraja.

Faɗuwarsa biyu na ƙarshe, a hannun Larry Holmes a 1980 da Trevor Berbick a 1981, sun zo ne yana dab da shekara 40, jiki ya riga ya gaji. Wadda ke da wuyar karewa ita ce ta 1978, da Leon Spinks ya ci shi alhali dambe 7 kacal ya taɓa yi na ƙwararru.

Tyson, Lewis da matsalar lokaci

Mike Tyson ya zama zakara a watan Nuwamba na 1986 yana da shekara 20, kuma har yanzu ba wanda ya riƙe kambun masu nauyi da ƙuruciya irin tasa. Manyan sunayen da ya kayar biyu ne. Holmes yana da shekara 38, ya kusa shekara biyu bai hau fage ba. Michael Spinks, wanda ya faɗi cikin daƙiƙa 91 a 1988, ba a taɓa cin shi ba, amma daga ajin ƙasa ya hauro. Da Tyson ya haɗu da sa'o'insa, Evander Holyfield ya ci shi a 1996 da 1997 (karo na biyu ne ya ciji kunne aka kore shi), Lennox Lewis kuma ya kayar da shi a 2002. Magoya bayansa na cewa wannan Tyson ne na bayan gidan yari. Gaskiya ne, sai dai Buster Douglas ya kayar da shi a Tokyo tun 1990, yana da shekara 23.

Ma'aunin nan bai bar Lewis ba shi ma. Ya ci duk wanda ya taɓa karawa da shi, har da biyun da suka kayar da shi, Oliver McCall da Hasim Rahman. Amma Tyson ɗin da ya doke ya kusa shekara 36, Holyfield kuma ya kai 37.

Wanda ya fi ƙarfin zamaninsa

Akwai tarko a wannan lissafi. Zakaran da ya fi ƙarfin kowa yakan sa ƴan zamaninsa su yi kama da ragwaye. Joe Louis ya kare kambunsa sau 25, har ƴan jaridar Amurka suka riƙa yi wa masu ƙalubalantarsa ba'a cewa kowane wata da nasa abin tausayin. Wladimir Klitschko ya mamaye fagen daga 2006 zuwa 2015, aka ce zamanin ba maza. Mutum ɗaya da zai iya gwada shi da gaske wansa ne Vitali, kuma sun ƙi yin dambe da juna. Da Ali ya share Frazier a turmi biyu tun karon farko, wataƙila da yau ba a kiran Frazier gwani.

Tsarin wasan ma ya canza. A zamanin Louis da Marciano kambu ɗaya ne, mai riƙe da shi ba ya da wurin ɓuya. Yau ƙungiyoyi huɗu ke raba kambu, WBA, WBC, IBF da WBO, kuma zakara na iya shekaru yana kauce wa takwaransa. Floyd Mayweather, a ajin marasa nauyi sosai, ya wuce lissafin Marciano da dambe 50 ba faɗuwa, amma sai 2015 ya haɗu da Manny Pacquiao, bayan shekaru ana jan ƙafa, kuma na 50 ɗin da Conor McGregor ya yi shi, wanda bai taɓa damben boksin na ƙwararru ba. A ajin masu nauyi kuwa, tun bayan Lewis a 1999 ba a sake samun zakara ɗaya tilo ba sai a watan Mayu na 2024, da Oleksandr Usyk ya ci Tyson Fury da maki a birnin Riyad.