Tsarkin Hannu a Asibitocin Ƙasar Gumel

Sa'ad da na kama aikin malamin asibiti a wani ɗakin shan magani na yankin Gagarawa, tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kano, 'yan shekaru kafin a yanke Jigawa a 1991, dukiyarmu ba ta wuce sirinjin gilashi kaɗan, da allurai, da tukunyar ƙarfe guda, da risho ba. Ƙa'idar da aka karantar da mu ita ce a dafa kayan aiki minti 20 daga lokacin da ruwa ya tafasa. Amma ranar da jama'a suka yi yawa, ga mata sun tako da ƙafa daga ƙauyuka da rugage tun asubahi, ga kananzir ya yi ƙasa, sai minti 20 ɗin nan ya koma biyar, alhali kuwa mun san hukunci. In gurbin allura ya kumbura ya yi ruwa, mai jinya ya ce ƙaddara ce, mu ma mu taya shi faɗa. Har yau abin yana yi mini nauyi a zuci.

Ilmin kansa daɗaɗɗe ne. Tun a 1847 likitan nan Ignaz Semmelweis, a babban asibitin birnin Biyana, ya lura cewa masu jego suna mutuwa da zazzaɓi ne saboda likitoci kan fito daga ɗakin gawa su nufi ɗakin haihuwa da hannun da suka taɓa mamaci. Da ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin ɗari zuwa kamar biyu. Duk da wannan hujja bayyananniya, manyan abokan aikinsa suka ƙi ta, domin da wuya mai daraja ya yarda cewa hannunsa ne sanadin ajalin wanda ya zo neman lafiya gare shi.

Mu nan Arewa, kowane darasi da rai muka saye shi. A 1969 zazzaɓin Lassa ya hallaka ma'aikatan jinya biyu na mishan, ta biyun ta ɗauka ne wajen jinyar ta farko a Jos, kuma a 1970 Dokta Jeanette Troup ta bi su bayan ta yanke a yatsa tana binciken gawa. Sa'an nan a 1986 aka ba da labarin ɓullar ƙanjamau a Nijeriya, cutar da ita ce ta kori sirinjin gilashi, ta kawo na roba da ake amfani da shi sau ɗaya, da safar hannu, daga baya kuma da kwalin zuba allurai mai ruwan ɗorawa. A zamanin nan ne muka yi ta zama da wanzamai da ungozomomi muna roƙonsu aska ɗaya ga mutum ɗaya, da sabuwar reza ga kowace cibiya, kuma na shaida da yawansu sun fi wasu masu takardar shaida saurin karɓar nasiha.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, mu al'umma ce da ta san ɗahara tun ƙuruciya, har Ishmawi da muka karanta a zaure da abubuwan da ke warware alwala ya buɗe. To, me ya sa wanke hannu a asibiti ya gagare mu? Da na yi nazari sai na ga cewa mun saba auna ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, mu auna najasa da abin da ido ya gani, ita kuwa ƙwayar cuta ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan siffofi, sabili da haka hannun da ya halatta a yi salla da shi yana iya zama guba ga cibiyar jariri. Da na fahimci haka sai na sauya yadda nake koyar da yaran aiki. Lokuta biyar na tsabtace hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 2009, wato kafin taɓa majinyaci, da kafin aiki mai bukatar tsarki kamar allura ko wankin miki, da bayan haɗuwa da jini ko wani ruwan jiki, da bayan taɓa majinyacin, da bayan taɓa gadonsa da kayansa, sai na riƙa kiransu masu warware tsarkin hannu, kuma da wannan lafazi suka zauna a kan yara fiye da yadda takardar bango ta zaunar da su. Sinadarin shafawa a hannu kuwa, wanda wasu suka yi ɗari-ɗari da shi don jin yana da alkwahol, na kan kwatanta shi da taimama, illa dai in akwai jini ko datti a bayyane, nan ruwa da sabulu ne wajibi.

A 2014, da wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola a watan Yuli, Dokta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti har ta rasa ranta a kan haka, tsoro ya iso mana tun daga Gumel har kan iyakar Maigatari, inda kasuwar Alhamis ke tara fataken dabbobi na Nijeriya da Nijar. Bokiti mai famfo, wanda Veronica Bekoe 'yar Ghana ta ƙago, ya bayyana a ƙofar kowane asibiti. Da aka yi shelar kawar da cutar daga Nijeriya ranar 20 ga Oktoba, ba a yi wata shida ba na ga irin bokitan nan an mai da su na ajiyar ruwan sha. Haka aka sake yi a 2020, shekarar da Lassa ta ɗauke likitoci biyu a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki tiyata, korona kuma ta biyo baya.

Ba na ɗora laifin duka a kan gafala, gama ƙasarmu ta rairayi ce, rijiya da zurfi, kuma ma'aikaciyar da aka bar wa ɗakin haihuwa ita kaɗai cikin dare, da jarka ɗaya da ta saya wajen ɗan garuwa da kuɗin aljihunta, ba wa'azi take bukata ba. Inda duk na ga ɗabi'ar nan ta kafu, a Sule Tankarkar ko a nan Gagarawa, na tarar da famfo mai aiki da hasken rana kusa da gadon majinyaci, da sabulu da ba a kulle a ofis ba, da babba wanda ƙanana ke gani yana wanke hannu kafin ya yi wa kowa magana.

Kwanan baya na kai jikata rigakafi, sai wata yarinya sabuwar ma'aikaciya, wadda ba ta san ni ba, ta ce, "Baba, a yi mini haƙuri kaɗan," ta juya ta murza sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ta yage ledar sabon sirinji a gabana, sa'an nan ta karɓi jaririyar.