Dalilin da ya sa rubutun da ka kwafa a Vim ba ya isa burauza

Duk wanda ya fara aiki da Vim ya san wannan takaici. Ka danna yy ka ɗauki layi, ka koma burauza ka danna Ctrl da V, sai wani tsohon abu ya fito, ko kuma babu komai. Yawanci akan zaci manhajar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne, al'adu biyu na rubutu da kwamfuta, waɗanda aka haifa kusan lokaci guda a wurare daban, har yau ba su gama sabawa da juna ba.

Al'ada ta farko ta fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1976 Bill Joy, ɗalibi a lokacin, ya rubuta abin da ya zama vi, yana aiki da na'urar ADM-3A mai nuna haruffa zalla. Babu linzami, babu tagogi barkatai a fuskar kwamfuta. Manhaja guda ce a gabanka, saboda haka in ka ɗauki layi, babu wani wurin da za ka kai shi sai cikin manhajar kanta. Shi ya sa vi ya tanadi ƙananan ma'adanai nasa, masu sunaye daga a zuwa z, kuma babu wanda ke ganin abin da ke cikinsu sai shi.

Al'ada ta biyu ta taso a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto. Larry Tesler da Tim Mott sun ƙera manhajar Gypsy a tsakiyar shekarun 1970 domin editocin wani kamfanin buga littattafai mallakar Xerox, mutanen da suka saba yanka takarda da almakashi su manna ta da gam. Daga sana'arsu aka aro kalmomin yankewa da mannawa. Tesler ya koma Apple a 1980, kuma a kwamfutar Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984 aka mayar da abin mallakar tsarin kwamfutar baki ɗaya: allon kwafi guda wanda kowace manhaja za ta iya rubutawa a kai ta kuma karanta. Kamar allon almajiri yake, abu ɗaya yake ɗauka, sai an wanke kafin a sake rubutu.

A duniyar Unix kuwa, inda vi yake zaune, lamarin ya ɗauki wata hanya mai ban mamaki. Tsarin tagogi na X, wanda aka fara a MIT a 1984, bai gina allon ajiya na gaskiya ba. Ƙa'idojin ICCCM da aka fitar a ƙarshen shekarun 1980 sun tsara cewa idan ka kwafa, manhajar ba ta miƙa rubutun ga kowa; shela kawai take yi cewa yanzu ita ce ke riƙe da abin. Sai wata manhajar ta nemi mannawa sannan a je a tambaye ta. Wato alkawari aka ba ka, ba kaya ba. Idan ka rufe manhajar kafin ka manna, mai alkawarin ya tafi da kayansa, sai fa in akwai wata ƙaramar manhaja da ta riga ta karɓi amana. Ƙari a kan haka, X yana da irin wannan riƙo fiye da ɗaya: PRIMARY, wanda ke cika da zarar ka shafa rubutu da linzami, da CLIPBOARD, wanda ke jiran umarnin kwafi. A ganina wannan tsari ne mai wayo ga injiniya, mai wahalarwa ga kowa.

Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da Vim a 1991, ya gaji ma'adanan vi, daga baya kuma ya buɗe ƙofofi biyu zuwa waje. Ma'adanin "* yana magana da PRIMARY, "+ kuma da CLIPBOARD. Don haka "+yy na kai layi burauza, yy kaɗai kuwa yana barinsa a gida. A Windows da Mac, inda allon guda ne, ƙofofin biyu ɗaki ɗaya suke shiga.

Ko wannan ma ba koyaushe yake aiki ba. Wasu rarrabe-rarraben Linux suna zuwa da Vim da aka haɗa ba tare da wannan damar ba, domin kada ya jawo kayan X zuwa injin da ba shi da tagogi. Umarnin vim --version zai nuna alamar ragi a gaban kalmar clipboard. Wanda kuma ya shiga uwar garke daga nesa ta SSH ya koma halin da Bill Joy yake ciki a 1976: editansa na kan wata kwamfuta, allon kwafinsa na kan wata, sai ya nemi tagar umarninsa ta ɗauko masa rubutun ta wata lambar sirri da ake kira OSC 52, wadda xterm ya daɗe da sani amma ba kowace taga ke amsa ta ba.