Juma'ar 28 ga Nuwamba, 2014 a Masallacin Sarki

1/ Jiya ƙanina ɗan shekara 16 ya yi tsaki don 'yan agaji sun laluba shi a ƙofar masallaci. Wai ɓata lokaci ne. Na dube shi, sai na gane bai san komai ba. Ku zo mu yi wannan zaren, musamman ku 'yan bana.

2/ Ranar Juma'a, 28 ga Nuwamba, 2014, na makara. Daga Yakasai na taho a guje, na samu sahu a waje kan titi, gefen babban Masallacin Juma'a na cikin gari da ke jikin gidan Sarki. Liman ya kabbara, mun kabbara. Sai ƙara. Ba a gama tantance me ya faru ba, sai ta biyu, sai ta uku, sai harbi a kan masu gudu.

3/ Abin da ya fi tsaya mini a rai wallahi takalma ne. Dubbai, a warwatse, da darduma da huluna. Da yamma mutane na bin su ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman na ɗansa ko na yayansa. Mu namu mun same shi a Asibitin Murtala da rai. Maƙwabcinmu tela, sai a ɗakin ajiye gawa. Sama da mutum 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

4/ Kuma ba daga sama abin ya faɗo ba fa. 20 ga Janairu, 2012, ita ma Juma'a, Boko Haram ta kai hari ofisoshin 'yan sanda, na SSS da na shige da fice a lokaci guda. An rasa aƙalla mutum 185. Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarki Ado Bayero wuta kusa da Masallacin Murtala, dogarai suka tare harsashi da jikinsu. Kwanaki kaɗan bayan nan gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa. Eh, dalilin da ya sa kuka taso kuka ga Adaidaita Sahu ta cika gari ke nan.

5/ Kafin harin masallaci da kamar mako biyu, Sarki Muhammadu Sanusi II ya fito ya ce jama'a su tashi su kare kansu, kar su zauna jiran sojoji. Washegarin harin ya zo masallacin ya ja sallah.

6/ To a nan nake son ku tsaya. An zuba shingaye ko'ina, ana sa mutum ya sauka ya tura babur cikin rana, har tsallen kwaɗo na gani an sa dattijo. Gidan da aka kama wanda ake zargi, rushe shi ake yi. Me wannan ya haifar? Tsoro biyu. Ka ga baƙon fuska a lungu, kana tsoronsa, kana kuma tsoron kai rahoto kar a haɗa da kai.

7/ Ni a ganina, abin da ya taimaki cikin gari shi ne tsohon tsarinmu: mai unguwa, dagaci, hakimi. Mai gida ba ya ba da haya sai mai unguwa ya san wane ne, daga ina, wa ya tsaya masa. Ga 'yan agaji a ƙofar kowane masallaci, ba albashi ba bindiga.

8/ A Abuja an yi dokar yaƙi da ta'addanci a 2011, an gyara a 2013, an sake sabuwa a 2022 har da cibiya ta musamman a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Madalla. Amma cibiyar nan ba ta san wa ya kama ɗaki a Mandawari makon jiya ba. Mai shayin bakin layi ya sani. Tambayar ita ce, in ya faɗa, wa zai rufa masa asiri?

9/ Yanzu dillali ke ba da haya, kuɗi kawai yake dubawa. Da yawanku ko sunan mai unguwarku ba ku sani ba.

10/ Na ce wa ƙanin nawa Juma'a mai zuwa tare za mu je Masallacin Sarki, in nuna masa daidai inda na tsaya.