Kuɗin magajin gari da ƙungiyoyin taimakon talakawa: daga ina aka faro?

Da yawa cikinku na tambaya: ƙungiyoyin unguwa da ke kula da marayu, ko sayen magani ga marasa hali, shin suna da haƙƙi cikin kuɗin komin? Bari mu koma baya kaɗan mu ga yadda abin ya zo.

Kafin a san wata aba wai ita ONG, gayya muke da ita, da adashi, da zakka. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya. Matasa suka gina azuzuwan lakkol, suka share unguwanni, suka dasa itatuwa. Aiki dai an yi shi, sai dai umurni daga sama yake zuwa, kuma ƙungiyar ba ta da bakin kanta. A ranar 1 ga Maris 1984 aka fitar da doka mai lamba 84-06 kan kafa ƙungiyoyi, amma sai da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, aka gyara dokar a 1991, shekarar babban taron ƙasa, sannan ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yawaita.

A wannan shekarar ce ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata su haɗu, kowace ta zuba abin da ta iya duk mako, a ba mai buƙata rance, ta maido da ɗan ƙari. Ba sisin gwamnati a akwatin, ba na magajin gari. Yau ƙasashe da dama na Afirka da Asiya sun kwaikwayi wannan dubara da aka haifa a gidanmu.

To ina komin a lokacin? Kusan babu ita a mafi yawan ƙasa. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi 'yan majalisun komin 265. Ba a daɗe ba matsalar abinci ta 2005 ta faɗo, sabbin magadan gari ba su ma gama zama kan kujera ba. Ƙungiyoyin waje irin su MSF ne suka buɗe cibiyoyin tamowa a Maraɗi da Damagaram, da kuɗinsu da motocinsu. Tun daga nan muka saba: in ana batun taimakon talaka, a dubi poroje, magajin gari kuwa a gayyato shi yanke kyalle.

Alhali a takarda an ci gaba. A 2008 aka kafa ANFICT, hukumar da ke isar da tallafin gwamnati ga komin-komin. A Satumban 2010 aka fitar da babban kundin dokar ƙananan hukumomi, wanda ya sa taimakon gajiyayyu cikin ayyukan komin, kuma Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa suka samu matsayin birni. A 2016 aka miƙa wa komin wasu ayyuka na ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Matsalar kowa ya san ta: an miƙa aiki, kuɗi bai biyo da sauri ba. Abin da komin ke tarawa daga lanho da tikitin kasuwa da na tasha, albashi da man mota kan cinye mafi yawansa kafin a zo kan marayu.

Yanzu fa lamarin ya sake. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020, aka naɗa wakilai masu riƙon komin. A 2025 Amurka ta rufe USAID, wadda ta daɗe tana zuba kuɗi a ayyukan lafiya da abinci. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da aka sauke ta shi ke kwana da yunwa.

Shi ya sa tambayarku ta zo kan gaɓa. Mai sayar da tumatir da ake yankar wa tikiti duk ranar kasuwa, da ɗan kabu-kabu, su ne masu kuɗin komin. In za a ware wani kaso domin ƙungiyoyi, ko jika ɗari biyar ne, a rubuta shi cikin kasafin shekara, a liƙa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a faɗe su a rediyo. Su ma ƙungiyoyi da nasu nauyi: takardar izini, littafin shige da fice, da bayanin mutum nawa aka taimaka wa. Matan MMD a gaban kowa suke buɗe akwati su ƙirga, shekara sama da 30 ke nan.

A ƙarshen shekara ake shirya kasafin baɗi. Shugabannin ƙungiyoyi, kar ku jira a kira ku. Ku je da takardunku ku tambaya. Ku kuma gaya mana a ƙasa: a komin ɗinku, an taɓa ba wata ƙungiya tallafi? Nawa ne, kuma me aka yi da shi?