Yadda Kaɗanya da Ɗorawa Suka Shiga Littattafan Turawa

Kwanakin baya a gidana da ke Barnawa, na nuna wa jikana hoton ɗorawa, sai ya ce bai san ta ba, alhali kuwa kullum da daddawa ake yi masa miya. Abin ya tsaya mini a rai, domin fiye da shekara 200 ke nan da baƙi suka ƙetaro teku da hamada suna zana irin waɗannan itatuwa namu.

A zamanin da babu kyamara, matafiyi yakan tsinko reshe mai ganye da fure, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe. Amma busasshen fure yakan rasa launinsa da siffarsa, don haka sai mai zane ya fitar da ganyen, ya tsaga furen ya nuna cikinsa, ya zana ɗan itacen da ƙwallonsa. Da wannan zane ne masana a Turai suke bambanta wani tsiro da wani.

Mungo Park ya ga kaɗanya a ƙasar Bambara, cikin Mali ta yau, a 1796, ya kuma yaba man kaɗe ƙwarai. Littafin tafiyarsa na 1799 ya fito da zanen ganyenta da ɗanta. Bayansa sai Clapperton da Dakta Oudney suka biyo ta Barno. Oudney, wanda ya tattara tsirrai a hanya, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824, Clapperton kuwa ya wuce Kano, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1826 masanin tsirrai Robert Brown ya yi bayanin abin da suka tara, a nan ne kuma ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park. Haka nan tsirran da Theodor Vogel ya tara a tafiyar Kogin Kwara ta 1841 suka fito da zane-zane a littafin Niger Flora a 1849, bayan shi kansa ya rasu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Dakta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa. A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na Latin. Daga baya shi da John Hutchinson na lambun Kew a Ingila suka fitar da Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936.

To, wa ya gaya wa Dalziel sunan marke da sabara da maɗaci? Ai manoma ne da makiyaya da masu maganin gargajiya, kakanninmu ke nan, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Yau ga buhunan gawayi jibge a bakin titi daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, kowane buhu kuwa itace ne da ya faɗi a wani ƙauye. 'Yan'uwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wannan karon zama bai gan mu ba. Ina ba ƙungiya shawara ta sa ɗaliban garinmu su zana itatuwan da suka rage, dattawa su faɗi sunayensu da amfaninsu, a rubuta a adana tun masu sanin suna raye. Allah Ya sa mu dace.